Ƙanwata na aikatau a Saudiyya, a ina zan karanta dokar da ta shafe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun, jihar Jigawa. Ƙanwata bazawara ce mai 'ya'ya biyu. Wata 11 ke nan da wata Hajiya mai kai mata aikatau ta yi mata hanya zuwa Saudiyya. Wata 4 na farko ana biyanta, tana aiko wa Inna. Yau wata 7 ko riyal ɗaya ba a ba ta ba, fasfonta yana hannun masu gidan, waya ma sai ranar Juma'a take samun kiranmu a ɓoye. Kawunmu ya ce a yi shiru a bi Hajiyar da lallami. Wani a birni ya ce in kawo naira 300,000 ya shigar mana da ƙara a kotun duniya. Ni kuma kullum ina bincike a waya, wannan ya ce an soke kafala, tsarin da ke ɗaure ma'aikaci baƙo a hannun wanda ya ɗauko shi aiki, wancan ya ce ƙarya ne. Ina jin Turanci daidai gwargwado. A ina zan karanta ainihin dokar can da ta ƙasa da ƙasa, in san inda muka tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya fito da ita lafiya da haƙƙinta, Ya sanyaya wa Inna zuciya. Na ji daɗin yadda ka yi tambayar. Mafi yawan masu rubuto mini irin wannan cewa suke a faɗa musu wa za su kira. Kai karatu ka nema, kuma karatun yana nan kyauta ga mai waya da 'yar data.

Bari in fara da kuɗin nan, don shi ne abin gaggawa. Kada ka ba mutumin ko sisin kwabo. Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan ba ta karɓar ƙara daga hannun mutum ɗaya. Sashe na 34 na dokar da ta kafa ta ya ce ƙasashe ne kaɗai ke iya tsayawa a gabanta a matsayin masu shari'a, kuma dokar tana shafin kotun na intanet, layi guda ne, karanta shi ba zai ci maka minti ɗaya ba. Ɗaya kotun ta Heg, wadda ake kira ICC, aikinta manyan laifuka ne irin kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi, Saudiyya ma ba ta cikinta. Kotun ECOWAS da ke Abuja takan saurari talaka, gaskiya ne. A can ne Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka riƙe a bauta, ta yi nasara a kan gwamnatin ƙasarta a 2008, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Amma ikon wannan kotu a kan ƙasashen ƙungiyar ya tsaya. Wanda ya ce zai kai maganar albashin ƙanwarka kotun duniya, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa aljihunka yake hange.

To, kafin ka buɗe ko wane shafi, akwai tambayar da amsarta ba ta intanet, tana bakin ƙanwarka: da wace biza ta shiga? In bizar aikin gida ce, aka yi mata iƙama, wato katin izinin zama, da sunan kafili, wato mai gidan da ya ɗauke ta aiki, akwai ƙa'idar da aka rubuta dominta, akwai kuma ofishin da ke jin kokenta. In kuwa da bizar Umara ko ta ziyara aka shigar da ita ta zarce, kamar yadda ake yi wa mata da yawa daga Kano da Jigawa, hukumar can kallon mai zaman da ya saɓa doka take yi mata, kuma hanyar da za a bi daban ce. Mutum zai iya kwana bakwai yana karanta dokar da ba ta hau kan matsalarsa ba saboda bai fara da wannan ba.

Maganarta tana rataye da doka iri uku: ta Saudiyya, ta Najeriya, da yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla a tsakaninsu. Na lura hankalinka ya fi karkata ga ta ukun saboda girman sunanta. A batun albashi da fasfo, ta farkon ce mai haƙora.

Don sanin yadda shari'ar wata ƙasa take a dunƙule, wurin da nake fara tura mutane shi ne GlobaLex. Makarantar lauyoyi ta Jami'ar Niyok ce ke kula da shi, kuma ba a biyan ko kwabo. Kusan kowace ƙasa tana da jagora a ciki, wanda ya bayyana su wa ke yin doka, kotuna hawa nawa ne, kuma a ina ake buga dokokin. Akwai na Saudiyya. Ɗakin karatun shari'a na Majalisar Dokokin Amurka shi ma yana da irin wannan jagora, ƙasa bayan ƙasa, da mahaɗan da ke kai mutum shafukan gwamnatoci kai tsaye. Ka ɗauki waɗannan a matsayin ɗan jagoran da ke nuna wa baƙo gidan mai gari. Aikinsu nuna hanya ne. Ka duba shekarar da aka sabunta kowanne, domin wani yakan yi shekaru ba a taɓa shi ba.

Ita dokar kanta kuwa, a gidanta ake karanta ta. Hukumar Ƙwararru ta Majalisar Ministocin Saudiyya tana da rumbun dokokin ƙasar a laws.boe.gov.sa, jaridar gwamnati da ake shelanta sabbin dokoki a ciki kuma sunanta Ummul Ƙura. A nan akwai wani abu da ya kamata ka sani, wanda zai rage maka wahala ƙwarai. A Saudiyya ba a cika kiran doka "ƙanun" ba. "Nizam" suke cewa, ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta kuma "la'iha". Babbar dokar ƙwadago ita ce Nizamul Amal, wadda ta fito da umarnin sarki mai lamba M/51 a shekarar 1426 ta Hijira, wato 2005. Za ka same ta da sauƙi, za ka ga sassa masu daɗin karantawa a kan sa'o'in aiki da hutu da sallama. Kada ka yi saurin murna. Ka gangara sashe na 7, inda aka jera waɗanda dokar ba ta hau kansu ba: masu aikin gida suna cikin jerin.

Wannan shi ne tushen ruɗanin da ka gani a waya. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, ma'aikatan kamfanoni suka sami damar sauya wurin aiki da neman bizar fita ba sai kafili ya yarda ba, bisa wasu sharuɗɗa. Mai cewa an yi sauyi bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, sauyin bai haɗa da 'yar aikin gida da direban gida da mai lambu da makiyayi ba. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar irin wannan bayani, kuma a nan ne rayuwar ƙanwarka take.

Abin da ya shafe ta shi ne la'ihar masu aikin gida, "la'ihatul amalatil manziliyya". Akwai tsohuwa ta 2013, akwai sabuwa da ta fara aiki a watan Oktoba na 2024. Duka biyun suna yawo a intanet, kuma sau da yawa tsohuwar ce ke fara fitowa in ka bincika da Turanci, don haka ka neme ta a shafin ma'aikatar da ke kula da ƙwadago, hrsd.gov.sa, da kuma dandalin Musaned, wanda ta nan ake ɗaukar masu aikin gida a hukumance ana ajiye kwantiraginsu. Sabuwar ta hana mai gida riƙe fasfon mai aiki da sauran takardunta. Ta wajabta biyan albashi duk wata. Ta ba ta hutun yini guda a mako, ta ƙayyade aiki kada ya wuce awa 10 a rana. Ƙa'idojin ma'aikatar sun kuma ba da damar a mayar da mai aikin gida hannun wani kafilin ba da yardar na farko ba in an riƙe mata albashin wata 3. Ita nata ya kai 7. Koke yakan fara ne a ma'aikatar, a nemi sulhu, in ya ƙi a wuce kotun ƙwadago. Lambar da ma'aikatar ta ware don koke a cikin ƙasar ita ce 19911.

Ka ga ke nan ba alfarma take roƙo ba. Dokar ƙasar da take ciki ce aka taka.

Game da harshe, kana da gatan da ɗan Legas ba shi da shi. Nassin Larabci shi ne doka a can, fassarar Turanci taimako ce kawai, wani lokaci ma takan makara bayan an yi gyara. A garinku ko garin maƙwabta ba za a rasa malamin Islamiyya da ya yi karatun Larabci mai zurfi ba. Ka sa waya ta fassara maka shafin don ka gane inda maganar ta dosa, sannan ka ɗauki sassan da suka shafe ku, uku ko huɗu, ka je zauren malam bayan La'asar ku bi su kalma bayan kalma. Ka yi masa uzuri in ya tsaya a wasu wurare. Larabcin ma'aikatu ya sha bamban da na Risala da Iziyya, amma nahawun ɗaya ne, kuma "la yajuzu" a la'iha ma'anarta ɗaya da ta littafin fiƙihu. Kwanan wata na Hijira da ke rikita wasu masu binciken, kai ba baƙonka ba ne. In za ka bincika, ka roƙi malam ya rubuta maka sunan la'ihar da harufan Larabci ka manna a wurin nema, za ka ga bambancin abin da zai fito.

Yanzu yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Wani uba ya taɓa zuwa wurina da takardu da ya buga a shagon kwamfuta, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sashe na 21 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu. Sashen ya haramta wa kowa, in ba jami'in da doka ta ba izini ba, ya ƙwace takardun shaidar ma'aikaci. Hannunsa har rawa yake don murna, ya ce ga shi nan a rubuce. Na daɗe ban ji nauyin faɗa wa mutum gaskiya kamar ranar ba. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 2009. Ƙasar da ɗiyarsa take ba ta shiga ba, Saudiyya ma haka. Yarjejeniya ba ta ɗaure ƙasar da ba ta ɗaure kanta da ita ba.

Saboda haka duk yarjejeniyar da ka gani, kafin ka karanta abin da ke cikinta ka duba su wa ke cikinta. Wurin dubawa shi ne treaties.un.org, rumbun yarjejeniyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙarƙashin kowace yarjejeniya akwai jerin ƙasashe da layin kwanan wata guda biyu. Na farko ranar sa hannu ce, na biyu ranar da ƙasa ta tabbatar da shigarta. Na biyun ne abin lura, sa hannu kaɗai kamar kai kuɗin gaisuwa ne, aure bai ɗauru ba. Can ƙasa kuma akwai togaciyar da ƙasashe suka yi, inda suke cewa mun yarda amma ban da kaza. Misali, Saudiyya ta shiga yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 2000, tare da togaciyar cewa duk inda ta ci karo da shari'ar Musulunci ba ta ɗaure ta ba.

Na ƙwadago kuwa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da rumbuna biyu. NORMLEX yana nuna yarjejeniyoyin da kowace ƙasa ta amince da su. A nan za ka ga Saudiyya ba ta shiga mai lamba 189 ta 2011 kan masu aikin gida ba, amma tana cikin mai lamba 29 da ta haramta aikin tilas tun 1978. NATLEX kuma dokokin ƙwadagon ƙasashe yake tarawa, da taƙaitaccen bayani da Turanci. Akwai WorldLII da Refworld ma, masu tara dokoki da hukunce-hukunce, sai dai a matsalarku ba za su ƙara maka abu mai yawa ba.

Biyu ne cikin yarjejeniyoyin za su yi muku aiki na zahiri, kuma Najeriya da Saudiyya duk suna cikinsu. Ta farko ita ce ta Biyenna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci. Sashe na 5 ya sa taimakon 'yan ƙasa da ba su takardar tafiya cikin aikin ofishin, sashe na 36 kuma ya ba su 'yancin ganawa da 'yan ƙasarsu, ya ce in an kama mutum ya nemi a sanar da ofishin ƙasarsa, dole a sanar. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Ko fasfon bai fito daga hannun masu gidan ba, ana iya yi mata takardar gaggawa ta dawowa. Wannan jimla ɗaya ita ya kamata ƙanwarka ta haddace: in an kama ni, a sanar da ofishin Najeriya. Ta biyu ita ce yarjejeniyar Falermo ta 2000 kan fataucin mutane. Ka karanta sashe na 3, ka ga yadda aka fassara fatauci: ɗaukar mutum da yaudara ko tilas don a ci da guminsa. Sai ka tuna abin da Hajiyar ta faɗa a tsakar gidanku ranar da ta zo, ka gwada.

Wannan ya dawo da mu gida, ga ƙofar da ta fi kusa da kai, wadda ba ka ambata ba ko sau ɗaya a wasiƙarka. Masu gidan suna can nesa, Hajiyar tana nan. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce mai ɗaukar mutane aiki sai da lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003 aka sabunta dokarta a 2015, tana da ofishin shiyya a Kano, kuma shigar da koke a wurinta kyauta ne. Akwai hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a mai ba marasa hali lauya ba tare da kuɗi ba. Dokokin Najeriya kuwa za ka same su a shafin PLAC da na NigeriaLII. Ka sani kuma, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, don haka a gaban jami'inmu dokar 2015 za ka ambata, ita ya sani.

Ban ce a yi watsi da maganar Kawu ba. Dattijo ne, yana tsoron in an ɓata da Hajiyar a rasa igiyar da ke haɗa ku da yarinyar, kuma tsoron nan yana da tushe. Kada ka je masa da waya a hannu kana nuna ka fi shi sani. Ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa abin da ka karanta da Hausa mai sauƙi, ka roƙe shi ya jagorance ka wurin Hajiyar tare da wani dattijo ko wakilin mai unguwa. A tambaye ta abu uku cikin mutunci: sunan ofishin da ya karɓi yarinyar a can, kwafin biza, da kwafin kwantiragi. A sa mata rana, mako biyu ya isa. Mai gaskiya ba za ta ƙi ba da takarda ba. In ranar ta wuce babu komai, Kawu da kansa zai ga lallami ya ƙare, sai ku tafi Kano tare. In kuwa a waya ta gaba ka ji maganar duka, ko kulle ta a ɗaki, ko wani ya neme ta da lalata, ba batun jiran mako biyu. Washegari ka kama hanya.

Abu biyu nake roƙon ka da ka kiyaye, don na ga sun cutar da mata irinta. Kada ka ce mata ta gudu haka kawai. Da zarar ta fita, kafili zai iya shigar da rahoton gudu, abin da mutanenmu na can ke kira hurub, daga nan sai mai haƙƙi ta koma mai laifi, ƙarshenta tarhil, wato a tsare ta a koro ta gida, albashin kuma ya yi wuyar fitowa. In fita ta zama dole don tsira da rai, ta nufi 'yan sanda ko ofishin Najeriya, kada ta nufi gidan wata takari da ta yi mata alkawarin aiki. Na biyu, kada ka saka muryarta ko hoton masu gidan a Facebook ko TikTok alhali tana cikin gidan. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 kan ɓata suna ta waya, kuma ba kai za a kama ba.

Na san yadda sabis yake a ƙauyukanmu, sai an fita bakin titi ko an hau tudu. Kada ka ƙona data kana karatu a tsaye. Ranar da ka shiga Jahun ko Dutse, ka sauke takardun gaba ɗaya a waya, ka karanta a gida da natsuwa. Ka ware littafin rubutu guda, irin na 'yan ajinka. Duk abin da ka ɗauko ka rubuta sunan dokar, lambar sashe, shekararta, shafin da ka samo ta, da ranar da ka duba. Abin da ba shi da lambar sashe, kada ya shiga littafin. Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum za su iya sauƙaƙa maka Turanci mai tsauri, amma sukan ƙago sashe da hukuncin da babu su. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da irin wannan manhaja ta ƙirƙira. Duk sashen da ta ba ka, ka je shafin gwamnati ka gan shi da idonka.

Littafin nan ba zai mayar da kai lauya ba, kuma shari'a a kotun can sai wanda ya san ta. Amma ranar da ka zauna gaban jami'i ka ce ga ranar da ta tafi, ga irin bizarta, ga watan da aka daina biya, ga sashen da ya hana riƙe fasfo, sauraron da za a yi maka daban ne da na wanda ya zo da kuka kawai.

Juma'ar nan in ta kira, lokacin kaɗan ne, kuma Inna za ta so jin muryarta. Ka bar su su gaisa, sannan ka karɓi wayar da biro a hannu. Ka tambaye ta bizar da ta shiga da ita, ko tana da iƙama da lambarta, garin da take da unguwar, cikakken sunan kafili, nawa aka yi alkawarin biyanta, da watan ƙarshe da ta karɓa, ko a hannu ko ta banki. Ka ce ta goge duk saƙon da ya shafi wannan magana bayan kun gama. In ka haɗa amsoshin, ka sake rubuto mini, mu duba wace ƙofa za a fara bugawa.